Ɗan Akwati Ɗaya da Kalmomi 650

Ranar Laraba 28 ga Yunin 2023 muka yi Babbar Sallah. Washegari ina tsaye a kicin ɗinmu na hawa na huɗu a Bronx, ina suyar naman da Baba ya je har wata gona a bayan gari ya yanko, Umma na gefe tana tace mai, sai wayata ta shiga ruri ba ƙaƙƙautawa. Na zaci 'yan gida ne daga Kano ke aiko barka da Sallah. Da na duba, ashe zauren WhatsApp na 'yan ajinmu ne ya kama da wuta. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa daga ranar jami'a ba ta da ikon ɗora launin fatar ɗalibi a kan ma'auni idan za ta ba shi gurbi. A shari'ar Jami'ar North Carolina alƙalai 6 suka goyi baya, 3 suka ƙi. A ta Harvard 6 da 2 ne, don Mai Shari'a Ketanji Brown Jackson ta tsame hannunta, kasancewar ta taɓa zama a ɗaya daga cikin hukumomin da ke kula da makarantar.

Umma ta dubi fuskata ta ce, "Lafiya? Wa ya rasu?" Na ce ba kowa. Na rasa ta inda zan ɗauko mata zancen, don ni kaina a lokacin ban tantance ko makokin gidanmu ne ko na maƙwabta ba. Abin da ke gabana dai shi ne, saura wata takwas in miƙa takardun neman taransifa daga kwalejin shekara biyu da nake zuwa jami'a mai ba da digiri, kuma mu ne rukunin farko da za a auna da sabon mudu.

Baba ya shigo New York a 1996, tun lokacin yake tuƙin tasi. Da takardunsa suka daidaita, sai ya riƙa zuwa gida duk bayan shekara biyu, ya yi wata biyu ya koma. Namu takardun sun kusa nuna, sai a ƙarshen Janairun 2020 aka sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba 'ya'yansu bizar zama, korona kuma ta biyo baya ta rufe sauran ƙofofin. An ɗage dakatarwar a Janairun 2021, mu kuwa ba mu sauka ba sai Nuwamba. Fiye da shekara biyu na yi a gida da sakamakon WAEC a hannu, ina koya wa yara lissafi a islamiyyar unguwarmu. Saboda haka tun kafin in taka ƙasar na riga na san siyasarta tana da dogon hannu, har tana iya tsayar da karatun yarinya a Kano.

Ranar rajista a kwaleji, a Janairun 2022, na fara haɗuwa da ɗan akwatin nan. Fom ya fara da tambayar ko ina da asali a Latin Amurka, na ce a'a. Sai ya jero biyar: 'yan asalin ƙasar na farko, 'yan Asiya, baƙar fata, 'yan tsibiran Pasifik, farar fata. Na tsaya da biro a hannu. A Kano in an ce wance baƙa ce, kamanninta ake faɗa, kamar a ce doguwa ko siririya. Ni wankan tarwaɗa ake ce mini, ƙanwata fara ce, yayanmu baƙi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai son sanin ko ke wace ce, tambayarsa 'yar wane gida, 'yar wace unguwa, Bahaushiya ko Bafulatana ko Babarbariya. Ban taɓa jin an ce fata dangi ce ba.

Da daddare na gaya wa Baba. Ya ajiye cokalinsa ya ce, "Uwata, baƙa za ki zaɓa, don ko ba ki zaɓa ba sun riga sun zaɓa miki." Ya ba ni labarin Amadou Diallo, Bafulatanin Gini mai saye da sayarwa a bakin titi, ɗan shekara 23, wanda 'yan sanda huɗu suka buɗe wa wuta da harsashi 41 a ƙofar gidansa a unguwar Soundview, daren 4 ga Fabrairun 1999, yana ƙoƙarin ciro walat ɗinsa. Baba na cikin waɗanda suka fita zanga-zanga a lokacin. Ya ce babu wanda ya tsaya tambayar yaron ko daga Gini yake ko daga jihar Jojiya.

Zancen wa ya cancanci kujera kuwa, ba a Amurka na fara jinsa ba. A 2013 na ci jarrabawar shiga makarantar tarayya ta 'yan mata, aka ba ni wata da ke Kudu. A shekarar ne jaridu suka buga makin da aka yanka wa kowace jiha: yaron Anambra sai ya kawo 139, yaron Yobe maki 2 ya ishe shi. Tun makon farko aka laƙaba mana suna, mu 'yan Arewa, 'yan kwota. Makina ya fi na wasu daga cikin masu faɗin haka, amma wa ke tambayar makinki? Ɗankwalinki da harshenki sun riga sun ba da amsa. Shekara shida na yi ina karatu kamar wadda ake bi bashi.

Sai da na girma na gane asalin abin. Legas ta samu sakandaren mishan tun 1859, Arewa kuwa ba ta ga Kwalejin Katsina ba sai 1922, domin Turawan mulkin mallaka sun taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakunan Musulunci, su kuma ba su gina abin a zo a gani ba. Wannan tazarar ce ta haifi kason da ake bi wajen shiga jami'o'in tarayya: 45 cikin 100 cancanta, 35 'yan yankin da jami'ar take, 20 jihohin da suka yi baya a boko. Na yarda da dalilin, har gobe. Amma na ga yadda ake cin amanarsa. Kujerar da aka ware saboda ɗan manomin Yunusari ko Maradun, sau da yawa ɗan babban mutum ne da ya yi firamare mai tsada a Abuja ke hayewa kanta, da takardar shaidar asalin jiha a aljihu. Ni ma ba 'yar manomi ba ce. Dalolin tasin Baba ne suka biya mini firamare mai kyau.

A watan Satumba na samu ganin mai ba mu shawara a ofishin taransifa. 'Yar asalin Puerto Rico ce, ta daɗe a kan aikin, ba ta da ɓata lokaci. Ta jero mini abin da ke jirana: kiredit 60, wato ma'aunin yawan darussan da aka ci, wanda zan cika a zangon ƙarshe, takardar sakamako ta kwaleji da ta sakandare, wadda sai an aiko daga Najeriya, wasiƙun shaida biyu daga malaman da suka koyar da ni, fom ɗin neman a yafe kuɗin rajista, don wasu makarantun har dala 80 suke karɓa kafin su buɗe fayil ɗinka, sannan rubutu a kan kaina, kada ya wuce kalmomi 650. Muka tsayar da makarantu shida, uku na gwamnatin jiha, uku masu zaman kansu.

Na ce akwatin fa? Ta ce yana nan a Common App, shafin da makarantu fiye da dubu ke karɓar takardu ta cikinsa, amma tun 1 ga Agusta an ba su damar ɓoye shi ga masu tantancewa. Sai ta juyo kwamfutarta ta nuna mini wani sakin layi a ƙarshen hukuncin da Alƙalin Alƙalai John Roberts ya rubuta. Ma'anarsa ita ce ba a hana jami'a sauraron ɗalibi ba idan shi da kansa ya bayyana yadda launin fata ya shafi rayuwarsa, ko ta wariyar da aka nuna masa, ko ta ƙarfin guiwar da ya samu, amma kada a mayar da rubutun ɓarauniyar hanyar dawo da abin da aka haramta. Ta ce, "Akwatin ya daina magana. Duk abin da kike so su sani, sai ya fito daga bakinki."

Na koma gida na shiga bin diddigi, don ba na son yin rubutu a kan abin da ban san tushensa ba. Abin da ya fara ba ni mamaki, kwota irin tamu ta ƙidaya kujeru haramun ce a Amurka tun 1978, a shari'ar Bakke. Abin da aka bari shi ne a duba launin fata a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da yawa. A 2003 kotu ta sake amincewa da haka, Mai Shari'a Sandra Day O'Connor tana fatan nan da shekara 25 ba za a buƙace shi ba. Kalifoniya kuwa tun 1996 ta soke shi da ƙuri'ar jama'a, Michigan ta bi sahu a 2006. Ashe bishiyar ta daɗe ana saranta, mu dai faɗuwarta muka tarar.

Kwalejinmu na da cibiyar taimakon rubutu, inda masu sa kai ke duba mana aiki. Wanda ya duba nawa dattijo ne farar fata, tsohon malamin makaranta, mutumin kirki, ba na zarginsa da mugun nufi ko kaɗan. Na kai masa rubutu a kan yadda na koya wa yaran islamiyya rabawa da ƙwallon dabino da murafun kwalba. Ya karanta ya ce ya yi kyau, amma ina wahalar? Ya ce ke fa daga arewacin Najeriya kike, inda Boko Haram take, inda aka sace 'yan matan Chibok. Masu karantawa mintuna kaɗan suke ba kowane fayil, sai kin ba su abin da zai tsaya musu a rai.

Na koma na rubuta. Ina da abin rubutawa, ba sai na yi ƙarya ba. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 ina Kano, ina 'yar shekara 10, lokacin da bama-bamai suka tashi da yamma a wurare da dama na birnin, aka kashe mutum fiye da 150. Na tuna ƙarar, na tuna Umma ta tura mu ƙarƙashin gado, na tuna dokar hana fita. Na zuba duk wannan, na ƙara da zancen hijabi, na ƙara da ranar da wani mutum ya tofa yawu gab da ƙafata a tashar jirgin ƙasa. Dattijon ya karanta ya ce yauwa, wannan shi ne. Ni kuwa da na sake karantawa a jirgi a hanyar gida, sai kunya ta lulluɓe ni, irin ta wanda ya kwance rauninsa a bakin kasuwa don a jefa masa sadaka. Gidanmu ba mu rasa kowa ba a ranar. Maƙwabtanmu ne suka rasa ɗa. Da wane ido zan dubi mahaifiyarsa in ta ji na nemi kujera da jinin ɗanta?

Wannan shi ne abin da na fi jin zafinsa a sabon tsarin, kuma ban ji masu muhawara a talabijin sun taɓo shi ba. A da ɗan akwati ne ke ɗaukar nauyin, ka yi masa alama ka wuce, ka rubuta abin da kake so a kan lissafi ko kiɗa ko kakarka. Yanzu an ce wa 'yan shekara 17 da 20 su tono abin da ya fi yi musu ciwo, su shirya shi ya yi kyau, su miƙa wa baƙin da ba su taɓa gani ba. Yaron da ya tashi a unguwar masu kuɗi zai rubuta labarin karensa, ba wanda zai tambaye shi ina wahalar.

Ina cikin wannan halin muka yi wata muhawara a ɗakin cin abinci, mu uku da muke haɗa aikin gwaji a darasin kimiyya. Ɗaya 'yar Bangladesh ce daga Parkchester, tare muke sallah a ɗan ɗakin da aka ware mana, mahaifinta shi ma direban tasi ne. Ɗayar baƙar Ba'amurkiya ce, kakannin kakanninta bayi ne a South Carolina. 'Yar Bangladesh ta ce ita hukuncin ya yi mata daɗi, ba ta kuma ɓoyewa. Ta tuna mana cewa ƙarar Harvard da ƙungiyar ɗan fafutuka Edward Blum ta shigar a 2014, a kan 'yan Asiya aka gina ta, kuma bayanan da aka baje a kotu sun nuna ana ba su maki ƙasa da na sauran a ma'aunin halayya, abin da ba jarrabawa ke aunawa ba. Ta dube ni ta ce, "Babana da babanki layi ɗaya suke bi a filin jirgi suna jiran fasinja. Don me ƙanena zai biya bashin da bai ci ba?"

Na zaci ɗayar za ta mayar mata da martani. Sai ta juyo kaina. Ta ce, "Ke ma fa ba dominki aka yi shi ba." Ta buɗe wayarta ta nuna mini binciken da Douglas Massey na Jami'ar Princeton da abokan aikinsa suka wallafa a 2007. Baƙin haure da 'ya'yansu kashi 13 ne cikin 100 na matasan baƙar fata a ƙasar, amma su ne kashi 27 na baƙaƙen ɗalibai a manyan makarantun da aka duba, a rukunin fitattun jami'o'in da ake kira Ivy League kuwa kashi 41. Ta ce tun kafin nan Henry Louis Gates da Lani Guinier, malamai baƙar fata a Harvard, suka ta da wannan maganar a taron tsofaffin ɗalibai. Ta ce makarantu suna son hoton ya fito da baƙaƙen fuskoki, ba ruwansu da ko jikan wanda ya tsinci auduga ne ko ɗan likita daga Legas.

Raina ya ɓaci, na tashi ban gama cin abinci ba. Kwana biyu ina shirya amsar da zan ba ta: ai ni ba 'yar likita ba ce, ai an tofa mini yawu, ai Diallo. Duk gaskiya ne. Amma can ƙasan zuciyata na san abin da take faɗa, domin ni na taɓa faɗinsa a kan wasu. Ɗan babban mutumin nan mai takardar shaidar asalin jiha, wanda ya haye kujerar ɗan manomi, yau an nuna ni an ce ga shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma wanda babu shi a teburinmu, wanda dukkanmu uku muka manta da shi muna cacar baki. Daga bayanan shari'ar dai, masana tattalin arziƙi sun lissafa cewa kashi 43 cikin 100 na fararen fatar da Harvard ta ɗauka sun shigo ne ta ɗayan ƙofofi huɗu: 'yan wasa, 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, 'ya'yan ma'aikata, da waɗanda ke cikin jerin musamman, inda 'ya'yan masu ba da gudummawa suke. Hukuncin bai taɓa waɗannan ƙofofin ba. 'Yar direban tasi da 'yar direban tasi da jikar bayi suna rigima a kan ƙanzo, tuwon yana can an rufe wa masu gida.

Wadda ta warware mini ƙullin ba malama ba ce. Asabar da Lahadi ina aikin kula da wata tsohuwa a gidanta, mai shekara 84, ina yi mata wanka da girki da tuna mata magani. Iya nake kiranta, ta kuma karɓi sunan. Haifaffiyar wani ƙauye ce a North Carolina. Tana da shekara 15 a 1954 lokacin da Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata, amma har ta gama sakandare ba ta zauna aji ɗaya da farar fata ba. Ta ce littattafansu tsofaffi ne da aka gama yayi a makarantar Turawa, suna zuwa da sunayen yaran a ciki, wani shafin a yage. Tana son karatun malanta. Jami'ar jiharsu, ita dai wadda aka kai ƙara, an buɗe ta a 1795, ba ta karɓi baƙar fata a digirin farko ba sai 1955, su uku, shi ma da umarnin kotu. Iya ta hau bas zuwa New York, ta yi shekara talatin tana aikin wanki a asibiti.

Ina shafa mata mai a ƙafa na kwashe duk abin da ya faru na gaya mata, har da maganar ƙawata. Ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Gaskiya ta gaya miki. Amma ki shiga, 'yata. Ba mu sha duka don kujera ta zauna babu kowa ba. Abu ɗaya nake roƙonki: in kin shiga, kada ki zama cikin masu cewa mu ragwaye ne."

Wannan ta fi ta ƙawata shiga jikina, domin na san masu faɗin haka. Na ji shi a bikin suna, na ji shi a shagon da muke sayen garin tuwo da daddawa, na ji kalmar nan akata da 'yan Najeriya ke jifansu da ita. Mukan ce mu mun zo da jaka ɗaya mun yi karatu, su kuwa an haife su a nan suna zaune. Ba ma faɗin cewa dokar shige da fice ta 1965, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 3 ga Oktoba a gindin mutum-mutumin 'yanci, ta soke tsohon kason da ya fifita 'yan Turai, ta zo ne a bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 da tattakin da baƙar fata suka yi daga Selma don neman 'yancin zaɓe. Ƙofar haɗa iyali da ni da Umma muka shigo ta cikinta, wannan dokar ce ta faɗaɗa ta. Su Iya ne suka girgiza bishiyar, mu muka zo da kwando.

A Disamba na yage rubutun bama-baman. Malamin tarihinmu, da na je roƙonsa wasiƙar shaida na ba shi labarin abin da ke damuna, ya tambaye ni ko na taɓa jin sunan Mahommah Gardo Baquaqua. Ban taɓa ji ba. Haifaffen Zugu ne, garin da fatake ke yada zango a hanyar Gwanja, yau yana cikin Jamhuriyar Benin, kuma shi da bakinsa ya ce mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce. An kama shi aka sayar, aka kai shi Brazil. A 1847 jirgin ubangidansa ya tsaya a New York da lodin kofi, ya tsere da taimakon masu yaƙi da bauta. Ya zauna a Haiti, ya karɓi addinin Kirista, sannan ya dawo ya shiga wata kwaleji a McGrawville, can arewacin jihar New York, wadda tun buɗe ta a 1849 take karɓar baƙi da farare, maza da mata. A 1854 aka buga tarihinsa a Detroit. Na karanta shi dare ɗaya. Ɗan Bakatsiniya, bawa, ɗalibin kwaleji a jihar da nake zaune, shekara 170 kafin zuwana. Ni da nake ta raba mu da su, sai ga mutum ɗaya ya zama mu ya zama su.

Rubutun da na miƙa a ƙarshe ya fara da biro a hannuna ranar rajista. Na faɗi an kira ni 'yar kwota a ƙasata, na faɗi abin da ƙawata ta gaya mini ba tare da na sassauta shi ba, na kawo Iya da littattafanta masu sunan wasu, na rufe da ƙwallon dabino da dalilin da ya sa nake son in zama malamar lissafi a makarantar gwamnati. Ban sa bom ko ɗaya ba. Mai ba mu shawara ta karanta ta ce akwai kasada a ciki, don na ba su dalilin da za su iya cewa ba ni ce aka fi bin bashi ba. Na ce na sani. Ranar 1 ga Maris 2024 na tura. A akwatin na zaɓi baƙar fata, a ƙarƙashinsa inda aka tambayi asali na zaɓi Afirka.

Amsoshi suka riƙa zuwa daga Afrilu zuwa Mayu. Uku na gwamnati sun ɗauke ni. Cikin masu zaman kansu biyu sun ce a'a, ɗaya ta ce e, amma ko da an haɗa tallafinta da na gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda a lokacin iyakarsa dala 7,395 a shekara, abin da ya rage ya fi ƙarfin tasin Baba. Bashi kuwa Baba ya ce ba da yawunsa ba, saboda kuɗin ruwa, ni ma ban so ba. Na zaɓi ta gwamnati.

Na taɓa sa rai cewa ko ba komai hukuncin zai wanke mu daga zargi. Wannan ita ce hujjar da Mai Shari'a Clarence Thomas, shi ma baƙar fata, ya daɗe yana kafawa, cewa tsarin yana shafa wa duk baƙin da ya yi nasara tabon shakka. Na fahimce shi fiye da yadda 'yan ajinmu suka fahimce shi, don na ɗauki tabon shekara shida. Amma ranar da labari ya bazu cewa makarantar nan mai zaman kanta ta ɗauke ni, wani ɗan ajinmu ya ce mini, da fara'arsa, ai dama, Afirka ga hijabi, irin abin da suke nema ke nan. Wata goma ke nan da soke tsarin. Zargin ya girmi dokar, soke ta bai kashe shi ba.

'Yar Bangladesh ta samu karatun jinya a cikin gari. Ƙawata Ba'amurkiya, wadda makinta ya fi nawa, ba ta nemi ko ɗaya cikin manyan makarantun ba. Ta ce me za ta je yi inda aka riga aka gaya mata ba a bukatarta. Mun shirya da ita tun Janairu, ita ce ma ta duba mini rubutun ƙarshe. A watan Agusta ta turo mini alƙaluman da babbar jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT ta fitar: baƙar fata a sabon aji kashi 5 cikin 100, daga kusan 13 a shekarun baya. A Kwalejin Amherst daga 11 zuwa 3. Ba ta rubuta komai a ƙarƙashi ba.

Ƙarshen watan Baba ya ɗauki hutun kwana ɗaya, muka loda kayana a tasi, Umma ta cusa robar yaji da ƙullin kuka a gefen akwati. Mun wuce Binghamton muka kama babbar hanya ta 81 zuwa arewa, gonakin masara hagu da dama. Ina kallon taga sai ga koren allo an rubuta McGraw. Na ce, "Baba, nan ne. Nan mutumin da na ba ka labari ya yi karatu."

Ya rage gudu ya koma layin dama. Ya ce, "Ɗan Bakatsiniyar?" Na ce shi. Ya ce, "Ya koma gida kuwa?" Na ce labarinsa na ƙarshe da ke rubuce ya nuna shi a Ingila a 1857, yana neman hanyar komawa Afirka.

Baba ya yi shiru har allon ya ɓace a madubi. Sannan ya ce, "Allah sarki, uwarsa." Ya dubi agogo ya ce mu nemi wurin tsayawa mu yi Azahar, in kuma kira Iya in gaya mata mun kusa.